MU HANA YARA CUTAR DA AGWAGWA DA ƊIYANTA

  Wanda ya ji wannan darasi a rediyo, ga shi nan a rubuce. A karanta sannu-sannu. In an gamu da kalma mai wuya, a tambayi malamin aji.

Yau zancenmu a kan agwagwa ne da ɗiyanta, da wahalar da suke sha a hannun yaranmu.

Na san wani zai yi dariya. Zai ce: "Malam, ga tsadar hatsi, ga wahalar ruwa, duk ka bar su sai agwagwa?" To, ɗan'uwa, yi haƙuri ka ji dalili.

A damanar bara, wata ɗalibata a wani ƙauye kusa da Gulbin Maradi ta yi kwana 3 ba ta zo aji ba. Mace ce mai ƙoƙari, ba ta fashi. Da ta dawo na tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau, ɓacin rai ne ya zaunar da ita. Agwagwarta ta ƙyanƙyashe ɗiya 13. Ran nan ta tafi kai fura gona. Yaran unguwa, har da ɗanta a ciki, suka kwashe ɗiyan suka zuba cikin babbar robar wanki cike da ruwa, wai tsere suke sa su, kowa da nasa. Da suka gaji suka tafi wani wasa. Roba tana da santsi, ɗiyan ba su iya fita ba. Ko da ta dawo, 8 sun mutu. Guda kuma ya cika da dare. Saura 4.

Da waɗannan agwagi ta yi niyyar haɗa kuɗin ƴar akuya. Ta je ta yi wa maƙwabciyarta magana, sai aka ce mata: "A kan ɗiyan agwagwa za ki tada mana hankali?" Wata 2 suka yi ba su gaisa ba.

Ku ɗauko allo mu yi lissafi. A ce kowace agwagwa in ta girma za a saye ta jika 3. An yi asarar 9. To, 9 sau 3 nawa ke nan? 27. Jika 27 suka tafi cikin wasan hantsi guda. Kuɗin agwagwa ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kowa ya sa na kasuwarsu ya sake lissafin.

MU SAN AGWAGWA TUKUNA

Agwagwar da muka fi kiwo a gidajenmu ita ce mai jan nama a fuska. Asalinta daga ƙasashen Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne. Jiragen ruwan Turawa suka kawo ta Afirka, yau ɗaruruwan shekaru. Ta saba da zafi, shi ya sa ta zauna da mu lafiya.

Tana fara ƙwai tana da wata 6 zuwa 7. Tana tara ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta. Kaza kwana 21 take yi a kan ƙwai. Zabuwa, ƙwanta kwana 26 zuwa 28. Agwagwa kuwa sai ta yi kwana 35, wato mako 5 cif. Ku riƙe wannan lamba, za mu komo kanta.

Tana cin ƙuda da ƙwari da tsutsa, tana tsince ragowar abinci a bakin magudanar ruwa. Annobar nan da ke share kaji lokacin hunturu, sau da yawa agwagwa tana tsallake ta. Saboda haka mata da yawa suke riƙe ta. In ciwo ya zo, ko suna, ko kuɗin littafin ɗan lekwal, ita ake kamawa a kai kasuwa.

DON ME YARA SUKA FI MATSA MATA?

Ku lura da kyau. Yaro ya jefi kaza, sai ta tashi da kururuwa, duk gida a ji, a fito. Zabuwa ma ba ta tsayawa. Agwagwa fa? Tafiyarta a hankali, jikinta da nauyi. Kuma irin tamu ba ta da babbar murya. Toro huci kawai yake yi, macen ma kukanta ƙasa-ƙasa ne. Ana cutarta a bayan ɗaki, kana cikin ɗaki ba ka ji ba.

Ɗiyanta kuma abin sha'awa ne. Ga su rawaya-rawaya, suna bin uwa a jere. Yaro ya gani sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Kuma inda agwagwa take zuwa, nan yara suke wasa: bakin rijiya, kududdufi, tabki.

Amma babban dalili yana wurinmu manya. Mutane da yawa suna ƙyamar agwagwa, wai tana wasa da ƙazanta. Wasu ko namanta ba su ci. Babba ya zo wucewa ta tare masa hanya, sai ya sa ƙafa ya shure ta, yaro yana kallo. In yaro ya jefi tunkiyar wani, nan take a tsawata masa. In agwagwa ce, sai a yi murmushi a wuce. Yaro ba wawa ba ne. Ya gane wace dabba ce ke da mai tsaya mata, wace ce ba ta da shi.

ABIN DA YARO BAI SANI BA

Yawancin yaran da ke kashe ɗiyan agwagwa ba kisa suka nufa ba. Yaro ɗan shekara 4 ko 5 so yake ya riƙe, ya yi wasa. Bai san jikin abin da ke hannunsa ba. Mu ma manya ba kowa ya sani ba. Ga shi, mu bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Zancen ruwa. Kowa yana cewa ai ɗan agwagwa da iyonsa yake fitowa daga ƙwai. Gaskiya ne yana iyo. Amma dubi babbar agwagwa: a gindin wutsiyarta akwai wani ɗan ƙullutu mai fitar da mai. Da baki take ɗibar man tana shafe gashinta. Shi ya sa in ta fito daga tabki ruwa yake gangarewa, jikinta a bushe. Ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya bai kai nan ba. Gashinsa laushi gare shi kamar auduga. In ya daɗe cikin ruwa sai gashin ya sha ruwa, ya yi nauyi, sanyi ya kama shi, ƙarfinsa ya ƙare. Daga nan sai nutsewa. In yana tare da uwa, ita ta san lokacin fita. Tana fitar da su, ta rufe su da fiffike har su bushe su ji ɗumi. Yaro kuwa ya zuba su a roba ko bokiti ya tafi. Ko an tsamo shi da rai, sanyin kaɗai yana kashe shi, har a cikin watan zafi, in iska tana kaɗawa.

Zancen matsewa. Tsuntsu yana numfashi ne in ƙirjinsa yana buɗewa yana rufewa. Yaro ya damƙe shi cikin tafin hannu don kada ya gudu, ƙirjin ba ya motsi, numfashi ya tsaya. Ba jini, ba rauni a waje. Yaron ya buɗe hannu ya ga wuya ya langaɓe, shi kansa ya fashe da kuka.

Zancen ƙafa. Ƙafar agwagwa ba ta da ƙwari kamar ta kaza. Mun saba kama kaza ta ƙafa mu rataya. In aka yi wa agwagwa haka, ga nauyin jiki, ƙafar tana iya gocewa ko ta karye. Kora ma tana yi mata lahani. Yara su bi ta da gudu cikin rana, ta faɗi ta tashi, har ta kwanta tana haki. Igiya ko zare da yara ke ɗaura wa ɗan agwagwa suna ja kamar mota, yana datse jini, ƙafar ta kumbura ta mutu. Agwagwa gurguwa ba ta iya kiwo. Ramewa za ta yi, a kasuwa kuma a yi mata tayin wulaƙanci.

Sai zancen ƙwai, inda aka fi yin asara ba a sani ba. Mun ce kwana 35. Mako 5 ke nan agwagwa tana kwance wuri guda, cikin lungun rumbu ko bayan tulu. Sau ɗaya a yini take ɗan fita ta ci, ta sha, ta jiƙa jiki. Kafin ta fita tana rufe ƙwan da gashin da ta tsige daga ƙirjinta, don kada su huce. Lokacin nan yara suke zuwa. Su ɗauki ƙwai su girgiza a kunne, wai su ji ko ɗan yana motsi. Girgizar nan tana tsinke jijiyoyin da ke ciki. Wasu su tsokane ta da kara don su ga tana huci. In tsokana ta yi yawa, sai ta bar gurbin gaba ɗaya. Ƙwai ya huce, ya zama bara-gurbi. Sai ka ji mai agwagwa tana cewa baki ne, ko ido ne. Ba a rasa ido ba kam, amma idon yaran gida ne.

Danƙo da jifa ba sai na daɗe a kansu ba. Kowa ya san abin da tsakuwa take yi wa ido da fiffike. Wannan aikin manyan yara ne, ƴan shekara 9 zuwa 12, kuma su sun san abin da suke yi.

SHI MA YARON YANA CIKIN HAƊARI

Ke uwa, ko agwagwar ba taki ba ce, zancen ya shafe ki. Toron agwagwa yana da ƙarfi, yana da farata masu kaifi. Uwa mai ɗiya kuma ba ta tsoron kowa. Fuskar ƙaramin yaro daidai tsayinsu take.

Yaron da ke bin agwagi yana bin su har cikin tabki. Da damina kududdufin da aka haƙi ƙasar gini yana cika, ba a ganin zurfinsa. Kun san abin da nake nufi, ba garin da bai taɓa jin irin wannan labari ba. Cikin ruwan kwance ne kuma ake ɗaukar tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini.

Akwai cutar da ke tashi daga tsuntsu ta kama mutum. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye karo na farko a Nijar. A Magarya ne, cikin jihar Damagaram, kuma a jikin agwagin gida aka same ta. Agwagwa tana iya ɗauke da cuta ba ta nuna ba. Don haka kada yaro ya sa ɗan agwagwa a baki ko a fuska. Kada ya yi wasa da tsuntsun da ya mutu. In ya taɓa su, ya wanke hannu da sabuni kafin ya ci abinci. In kuka ga kaji ko agwagi suna mutuwa da yawa lokaci guda, ku gaya wa ma'aikacin kiwo na yankinku, kada ku yanka ku ci.

ABIN DA MALAMAI SUKA KARANTAR

Ba ni ne malamin wannan fanni ba, ku tambayi limaminku ya ƙara muku bayani. Amma ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mai da abu mai rai abin gwada harbi. Ya zo kuma cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke ɗiyan wata tsuntsuwa guda 2, uwar ta zo tana ta kaɗa fiffike, ya umurce su su mayar mata da ɗiyanta.

Wanda ya fi kama da zancenmu shi ne na Abdullahi ɗan Umar. Ya shiga wani gida ya tarar da yaro ya ɗaure kaza zai harbe ta. Ya je ya kwance kazar. Sa'an nan ya kama hannun yaron, da kazar, ya kai wurin manyan gidan, ya ce su hana yaronsu wannan aiki. Ku dubi yadda ya yi. Kazar ba tasa ba ce, yaron ba nasa ba ne, amma bai wuce ya ce ba ruwansa ba.

TO, ME ZA MU YI?

Da farko a raba hannun yaro da ɗiyan. Mako 4 na farko su ne masu wuya. A yi musu ɗan kewaye da karan dawa ko tsohuwar zana, cikin inuwa, inda idon uwar gida yake kaiwa daga madafa. Tsayin kamu 1 ya isa ya tsare ɗiyan. A rufe sama da ƙaya ko tsohuwar raga saboda shirwa da hankaka. Da dare a sa su cikin akurki tare da uwarsu, saboda muzuru. In za a fita gona, a rufe ƙofar kewayen, a bar amana wurin tsohuwar gida.

Ruwan shansu a kasko marar zurfi. A zuba tsakuwa a ciki. Ya zama suna iya tsoma baki har hanci, amma ba su iya nutsewa. Kada a ba su abinci ba ruwa kusa, yana shaƙe su. Dusar gero da aka jiƙa, da yankakken ganye, da gara in an samu, sun ishe su. Ƙuliƙuli yana gina su, amma wanda ya yi fumfuna guba ne. Ɗan agwagwa ya fi ɗan kaza saurin mutuwa da shi. Roba da bokiti, in an gama wanki a kife su.

Gurbin mai kwanci a kare shi da tubali ko tsohon kwando. A gaya wa yara ranar da ta kwanta. Kai da ka koyi rubutu, ga inda zai yi maka amfani: rubuta ranar a bango da gawayi, kowace safiya yaro ya ja layi guda har su kai 35. Yaron da ke ƙirga kwanaki ba ya yarda wani ya taɓa ƙwan. In suna son ganin abin da ke ciki, bayan kwana 10 kai da kanka ka ɗauki ƙwai guda da dare, ka haska shi da tocila. Za su ga jijiyoyi ja kamar saiwar icce. Ka mayar nan da nan. Daga ranar sun san akwai rai a ciki.

Koya wa yaro riƙo. Ya zauna ƙasa tukuna. Ya buɗe hannu biyu kamar mai karɓar hatsi, a ɗora masa ɗan agwagwa, ya ɗan taɓa, a mayar wa uwa. Babba kuwa, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya a kan fiffike, a rungume ta a gefen jiki.

Yanzu zancen duka. Ni ma na yi danƙo ina yaro. Na taɓa fasa idon agwagwar wata tsohuwa a unguwarmu. Babana ya yi mini dukan da har yau ina tunawa. Me na koya? Na koyi in duba hagu da dama kafin in harba. Abin da ya hana ni shi ne tsohuwar nan. Ta kira ni, ta sa na riƙe agwagwar tana wanke mata idon da ruwan ɗumi, kullum safe har mako guda. Ina jin jikinta yana rawa a hannuna. A ganina wannan ya fi bulala aiki. Ban ce kada a tsawata ba. A tsawata nan take, a gaban abin da ya yi. Amma a sa shi ya gyara ɓarnar da hannunsa, ya ɗebo ruwa, ya share kewaye, ya je ya ba mai agwagwa haƙuri da bakinsa.

Wata dabara da na ga tana ci: a ba yaro nasa. A nuna masa guda cikin ɗiyan a ce wannan naka ne, in ya girma aka sayar, takalminka na salla ne. Ran nan za ka ga ya zama dogari. Shi zai kori sauran yara.

In kuwa ka ga yaro babba yana maimaitawa, yana jin daɗin wahalar dabba, an hana bai hanu ba, kada ka ɗauke shi wasa. Zauna da shi ka ji. Sau da yawa wani ne yake cutarsa, a gida ko a waje, shi kuma yana hucewa a kan abin da ya fi ƙarfi. Ka yi shawara da malaminsa na lekwal ko na allo.

Saura maƙwabta. Ɗa na kowa ne. In ka ga yara sun tare agwagwa a hanya, tsaya ka raba, ko ba ka san mai ita ba. In ɗanka ne ya yi ɓarna, kada ka ce "agwagwa ce kawai". Je ka duba, ka biya abin da ya sawwaƙa, ko a yafe maka. Mai agwagwa ita ma da nata: kada ta sake su su shiga lambun mutane ko su ɓata bakin rijiya, don nan rigima take farawa. In abin ya ƙi, a kai gaban mai unguwa tun bai zama gaba ba.

Na agwagin daji ma haka ne. A manyan tabkuna irin na Madarunfa da Gidimuni da Tabalak akwai kirinjijiya da dinya. Yara masu kiwo in sun tarar da gurbi cikin ciyawa, a gaya musu su bar shi yadda suka gan shi.

In an tsamo ɗan agwagwa daga ruwa yana rawar sanyi, kada a yar da shi, ko ya yi kamar ya mutu. A goge shi da tsumma busasshe a hankali. A naɗe shi a sa cikin riga, jikin mutum, ko cikin ƙwarya kusa da murhu inda ɗumi yake kaiwa, ba bakin wuta ba. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci a baki. In ya bushe ya fara kuka yana miƙewa, a mayar wa uwarsa.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa agwagi nawa ne a gidansu, ɗiya nawa aka ƙyanƙyashe bana, nawa suka rayu, kuma me ya kashe sauran. A kawo aji a karanta, malami ya tara lissafin a babban allo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.